Lilon Unguwarmu

Lilo ɗaya ne tak a wurin wasan yara na unguwarmu, Ƙurban, a Madina. Wata la'asar, ina 'yar shekara bakwai, na bi layi har ya zo kaina. Ina hawa, wata mata ta riƙe sarƙar, ta ce da Larabci in sauka, wai na 'ya'yan ƙasa ne.

Ummata ta taso, ko kallon matar ba ta yi ba. Da Hausa ta ce mini, "Yi zamanki. A unguwar nan aka yanke miki cibiya." Ta tura ni da ƙarfi har sarƙar ta kuɓuce wa matar.

Har yau da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, nake zaune a Madina, amma ba mai kirana baƙuwa in amsa.