Saƙo Zuwa Ga Kunkuru

Jan rubutu ya sake cika fuskar kwamfutar, Injiniya ta dafe kai.

Yau da la'asar za ta miƙa wa mai kantin magani manhajarsa. Shi ne babban aikinta na farko, kuma mutumin ya faɗa mata ƙarara, in ta saɓa zai kai wa wani.

Ita dai sabuntawa ta zo yi. Sai manajan fakiti, wato manhajar da ke ɗauko fakitoci, ƙananan kayan haɗin manhaja, tana jera su, ya kafe. Babban fakitin yana son sabuwar siga, wani ɗan mitsitsi mai lissafin kwanan wata kuma ya ce shi sai tsohuwa. Ta ja wannan baya, wancan ya rushe. Ta tilasta, komai ya watse.

Maigidanta, malamin lissafi, ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Shi ya karɓi girkin yau don ta samu sarari.

"Wa ya taɓa min ke?"

"Wani malalaci mai kiran kansa Kunkuru. Ya rubuta fakitin lissafin kwanan wata, jama'a suka dogara da shi, ya watsar shekara da shekaru."

Ya yi ɗan tari. "Wataƙila aure ya yi, hidima ta sha kansa."

"To matarsa ta ga ta kanta."

Ta buɗe shafin fakitin ta zazzage wa Kunkuru kwandon masifa. Malalaci, ta ce, mai haihuwa ya bar wa unguwa reno. Maigidan ya ɗauki tasa kwamfutar daga kan kujera, wai zai duba yadda ake dafa shinkafa, ya shige.

Ta ci gaba da fama. Kicin ya yi tsit, ko motsin ludayi babu. Can wani ƙauri ya fara shigowa, amma ina ta ga ta girki.

Ta sake gwadawa, ba don tana sa rai ba. Sai ga sabuwar siga daga Kunkuru! Fakitoci suka jeru, jan rubutu ya koma kore. Daɗi ya kama ta har da 'yar rawa a kan kujera.

Ta buɗe bayanin gyaran don ta yi wa bawan Allah godiya, ta karanta:

"An gyara, uwargida. Malalacin yana neman afuwa, kuma shinkafar ta ƙone."