Alamar Jan Farce a Kwalbar Magani

Auta ta ɗaga kwalbar ta kara da hasken taga. Layin jan farcen da ta shata jiya yana nan, amma ƙwayoyin sun sauka ƙasa da shi. An kuma ke nan.

Maganin rage ƙiba ne. Wata mai zuwa gyaran gashi a shagonta ce ta haɗa ta da mai sayarwa. Babu sunan kamfani a jikinsa, babu takarda, sai dai an ce yana narkar da tumbi. Ita kuwa ta gaji da yadda mata ke satar kallon damatsanta ta madubi in tana busar musu da kai. Ta gaji da maigidanta mai ce mata “katifata” yana dariya, wai shi wasa yake.

Su uku ne a gidan: ita, maigidan da aiki ba ya bari ya zauna a gari, sai Yaya. To wa ke ɗiba? Aljani?

Yaya ce ta raine ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma da auren Yayar ya mutu Auta ta ba ta ɗakin baƙi. A da ta fi Auta jiki nesa ba kusa ba, kujera har kuka take in ta zauna. Yanzu ƙashin wuya ya fito, zobe na yawo a yatsa. Auta na haɗiyar ƙwaya tana nan jiya i yau, wata kuma na zubewa a gabanta. Abin na ci mata rai ba kaɗan ba.

Ga iyayi. Yaya ba ta cin gishiri, sai a raba mata tukunya. Ruwa ma aunawa take a wata ’yar gorar roba, ta yini tana tsotsa kamar magani. Komai zafi tana cikin riga mai dogon hannu. Wasu ranakun da sassafe wani mai tasi ya zo ya ɗauke ta, ta dawo tana jan ƙafa, ta zube a gado. Motsa jiki take zuwa a ɓoye, in ji Auta, don kada a koyi sirrinta.

Tun ranar da kwalbar ta shigo gidan Yaya ta sa mata ido.

“Auta, zubar da wannan abin. Ba magani ba ne.”

“To ke me kika sha kika rame?”

Yaya ta buɗe baki, ta kuma rufe. Wannan shirun Auta ta riƙe hujja.

Ran nan sai ta shirya tsaf, ta yi sallama kamar za ta shago, ta buga ƙofar waje da ƙarfi, ta cire takalmi ta lallaɓo ta dawo. Ai kuwa ga Yaya tsaye gaban madubinta, kwalba a buɗe, tafin hannu cike da ƙwaya.

“Ɓarauniya!” Auta ta daka mata tsawa. “Ki ce min guba ce, ki zagayo ki sha? Ke ki yi kyau, ni in zauna kamar buhu? Baƙin ciki kike yi da ni, Yaya, a gidana, kina cin abincina!”

“Ki saurare ni...”

“Babu abin da zan saurara. Tattara naki ya naki.”

Yaya ta dube ta. Idonta ya kawo ruwa, amma girman kai irin nata bai bar shi ya zubo ba. Ta ce, “Ni kike kora, Auta? Ni da na goya ki?”

“Goyon ai ya wuce.”

Jaka guda ta ɗauka. A bakin ƙofa sai da ta dafa bango ta huta kafin ta sauka matakala. Auta na kallonta ta taga, ko gezau. Ta ma haɗiyi ƙwaya biyu don haushi.

Washegari ta shiga ɗakin da tsintsiya, tana so ko ƙamshin Yaya kada ya saura. Ta janye gado, sai wani abu ya gangaro ya bugi ƙafarta. Babbar gorar ruwa ce, an ɗaure murfinta tamau. Cike take da ƙwayoyinta, sun manne da juna saboda zafi. Duk wadda ta taɓa ɓata tana ciki.

Auta ta lalubo wayarta. Ta kira wayar Yaya, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

Sai ga hon a waje. Ta fita da gorar a hannu, ko mayafin kirki babu. Mai tasin nan ne, wani dattijo mai furfura a gemu.

“Ina kwana, baiwar Allah. Yi mata magana ta fito. In ta makara wani za su ɗora a injin, ita kuwa ba ta jure tsallake rana.”

“Wane inji?”

Ya dube ta da mamaki. “Na wankin ƙoda mana. Ba ke ce ƙanwar ba? Ta ce kada ki ji, wai in kin ji sai kin ce a cire taki a ba ta.”

Auta ta matso jikin tasin. Dattijon ya leƙo yana duban abin da ke hannunta, nan take fuskarsa ta canza.

“Subhanallahi! Me kike yi da wannan? Ai irinsa yayarki ta sha a da, shi ne ya kashe mata ƙoda.”