Magajin Malama Hansatu

Tun da injuna suka karɓe rubuta manhajar kwamfuta, mutane suka daina koyo. Sai aka kafa doka cewa duk manhajar da babu ɗan Adam mai iya karanta ta, a kashe ta.

Manhajar da ke sakar wa gonakin garinmu ruwa ta kowa ce, duk mai so yana iya gyara ta. Amma Malama Hansatu kaɗai ta rage mai gane ta, ga idanunta sun fara rauni. Ta yi ta kiran ɗalibai, Tasi'u ne kawai ya zo, saboda tumatirin babansa na shan ruwan.

Ranar da jami'in bincike ya iso don ya gwada ko Tasi'u ya iya karanta manhajar, Tasi'u ya matso kusa da Hansatu.

"Inna, in na faɗi fa?"

"Haba angona! Ranar da ka cika gonar Ɗanjuma da ruwa, dukanka na yi? Zauna."

Jami'in ya ajiye wata 'yar na'ura a kan tabarma. Shi ma bai iya karatun ba, na'urar ce za ta saurara ta yanke hukunci.

Tasi'u ya fara bayani yana in'ina, sannan muryarsa ta daidaita. Hansatu ta lumshe ido, leɓunanta na bin kowane layi tare da shi.

Na'urar ta kawo koren haske. Ruwa ba zai tsaya ba.

Tasi'u ya durƙusa zai yi godiya, ta dafa kansa.

"Tashi. Ƙanwarka Zulai kullum tana leƙenmu ta taga. Gobe ka zo da ita, kai ne malaminta."