Mai Jiran Matar Direba

Direba mutum ne da ba ya wasa da amanar aure. Musamman ɓangaren da ya shafi matarsa.

Shi kam aiki ya yi masa yawa. Mota na cin mai, tana kuma cin lokaci: bakanikensa na biyu kaɗai yakan riƙe shi kwana biyu, ya dawo gida ba ko ɗigon baƙin mai a riga.

A wayar matarsa ya ga wani saƙo, tana wanka. Lamba ce ba suna: “Gobe ne. Ina jiranki, kada ki bari ya sani.” Ya ja sama, ya tarar duk wata biyu ake turo irinsa. Sai ya tuna yadda take fesa turare ta ce za ta dubiya, ta dawo tana zama a ɗosane, tana murmushi. Ya kwafe lambar a bayan wata takardar tasha.

Washegari ya bi ta a ƙafa, abin da rabonsa da yi tun kafin ya sami lasisi. Ta shiga wata ƙaramar ƙofa a bayan asibiti. Ya banka.

Mata ne a jere a kan benci. Nas na riƙe da sirinji, tana bayanin allurar kariya daga cutar ƙanjamau: duk wata biyu, kuma mace ba ta buƙatar sa hannun kowa.

“Malam, layin maza na gaba,” in ji nas.

Bai ko kalle ta ba, ya nufi matarsa. “Kariya daga wa? Wa kike bi?”

“Kai kaɗai, Baban yara,” in ji matar. “Shi ya sa.”

Wata a layin ta yi tari. Direba ya zaro takardarsa.

“Wannan mai jiran naki fa? Ɗan uban wa ne?”

“Mai tausayina ne dai,” in ji matar. “Kira ka yi godiya.”

Ya danna lambar, ya riga ya tanadi zagi uku masu kyau. Waya ta ɗau ƙara a jakar wata mata da ke ƙarshen bencin, wadda tun shigowarsa ta ja gyale ta rufe fuska.

Ya dubi tasa wayar. Ashe wayar ta san lambar, har da suna: Bakanike 2.