Ƙishirwar Baba

Da na ga Baba ya sake ɗaukar gorarsa ta ƙarfe zai fita, sai na tare shi a bakin ƙofa. Tun da aka kafa famfon cika gora a bakin kasuwa don a rage zubar da robobi, mutumin da sai an yi masa magiya yake shan ruwa ya koma zarya can, safe da rana da yamma. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san abin da yawan ƙishirwa ke nufi ga tsoho. Ciwon suga ne ya raba mu da mahaifiyarmu.

"Baba, gobe za mu je a gwada jininka."

"Jinina lafiya lau, likitar gida," ya ce yana gyara zaman hula.

Hankalina bai kwanta ba, na bi shi a ɓoye. Yana shan kwana sai ya tsaya, ya duba hagu da dama, ya tuttule ruwan gorar kaf a gindin wata bishiya. Sannan ya ƙarasa wurin famfon da tafiyar samari.

Wata dattijuwa ce ke kula da wurin. Tana hango shi ta rufe baki da gefen mayafi.

"Malam, har ka shanye?"

"Zafin nan ne, baiwar Allah."

Na jingina da bango ina danne dariya, idona cike da ƙwalla. Ita kuwa ta karɓi gorar, ta murɗa famfon ɗan kaɗan, ruwan na zuba siriri kamar zare, don kada ta yi saurin cika.