Gefen Zanen Kaka

Mai yiwuwa na cakuɗa wasu abubuwa, don tun zamanin Turawa ne. Wata la'asar a Unguwar Shanu, Inna ta buɗe akwatin marigayiya Kaka za ta rage kaya. Ni kuwa a ɓoye na taɓa yanke gefen zanen saƙinta na ɗaura wa 'yartsanata. Inna ta warware shi, ƙamshin kafur ya tashi, ta daɗe tana duban wurin.

"Shekara bakwai yana kwance," ta ce. "Gara da wani ya more shi."

Ta miƙo mini ragowar. Har yau in na tuna nakan yi ajiyar zuciya. Yayyena da ke wurin, ku gyara mini in na yi kuskure, musamman ko Inna ta san ni ce.