Ƙasar Bayan Ɗaki

Tun da ruwa ya fara cin tsibirin Marke aka tashi mutanensa, aka bar shi ga 'yan yawon buɗe ido. Doka ɗaya aka kafa: ba mai fita da ƙasar tsibirin, ko da ta ƙarƙashin farce ce.

Tabawa ta shiga da safe cikin ayarin baƙi. Ɗanta Ɗanlami ruwa ne ya tafi da shi, ba a ga gawa ba, balle kabari. Abin da ya rage nasa a ƙasa shi ne mabiyiyarsa, da aka binne a bayan ɗakinta ranar da ta haife shi. Ɗakin yanzu wurin shan lemo ne. Ta tsuguna kamar mai gyara takalmi, ta ɗebi ƙasar wurin, ta cusa a kumatu.

A bakin jirgi aka kakkaɓe zanenta, aka wanke mata ƙafa cikin daro. Mai wankin Sallau ne, abokin kamun kifin Ɗanlami.

"Inna, ba ki amsa gaisuwata ba."

Ya lura da kumburin kumatunta.

Ya miƙa mata kofin ruwa, ya rage murya. "Inna, na'urar gano ƙasa da ke ƙofar jirgi za ta yi kuka, ni za a kora. Don Allah ki kurkure ki tofa a daro."

Ta san inda ake juye daron: gaban otal, inda baƙi ke kwanciya shan rana.

Ta karɓi kofin, ta kurɓa, ta haɗiye, yashi na kartar maƙogwaronta.

"Sai su wanke cikin," ta ce, ta nufi na'urar.